Wai an gama littafi na shida an ɓoye shi? Amsa ga mai jiran ƙarshen Game of Thrones

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na kalli Game of Thrones tun daga zango na ɗaya har na takwas, kuma ƙarshen ya ɓata min rai, har yau ban huce ba. Abokina da ya karanta littattafan ya ce ba haka labarin yake ba, in saya in gani da idona. Na fara tara kuɗin ke nan sai wani a zaurenmu na WhatsApp ya ce asara zan yi, tunda marubucin da bakinsa ya gaya wa masu fim ɗin ƙarshen, abin da muka gani shi ke nan. Wani kuma ya ce littafi na shida an daɗe da gama shi, kamfanin fim ne ya hana a fitar, har ya turo adireshin da za a sauke kwafin da aka sato, amma sai an biya. Hankalina ya rabu biyu. In ɓata watanni ina karatu in tarar da ƙarshen da na tsana, ko in tarar babu ƙarshen ma? Kwafin nan kuma, in biya? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ka tura wa kowa ko sisi, kada kuma ka taɓa adireshin nan. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, littafi na shida, The Winds of Winter, bai fito ba. Ba a buga shi ba, ba a sato shi ba, ba a ɓoye shi a ɗakin ajiyar kowa ba. Littattafai biyar ne a kasuwa cikin bakwai da marubucin, George R. R. Martin, ya yi alkawari. Na farko ya fito a 1996, na biyar, A Dance with Dragons, a Yulin 2011, watanni kaɗan bayan tashar talabijin ta HBO ta fara nuna fim ɗin. Daga nan shiru.

Wannan magana ta "an gama an ɓoye" ta ishe ni, don kusan duk sati sai wani ɗalibi ya tare ni da ita, yana rage murya kamar mai ba ni sirrin gwamnati. Na san inda ta samo ƙarfi. A 2019, Ian McElhinney, ɗan wasan da ya fito a matsayin tsohon barden nan Barristan Selmy, ya faɗa a wani taron masoya fina-finai a Rasha cewa Martin ya riga ya gama na shida da na bakwai, an yi yarjejeniya ne ba za a fitar ba sai fim ya ƙare. Bidiyon ya zagaye duniya. Martin ya fito a shafinsa ya ƙaryata, ya ce na shida bai kammala ba, na bakwai ko fara shi bai yi ba. To kamar yadda aka saba, jita-jitar ta yi tafiyar jirgi, ƙaryatawar ta biyo baya a ƙafa.

Ka ma ajiye maganar Martin gefe, ka yi lissafin 'yan kasuwa. Fim ya ƙare a Mayun 2019. Idan sharaɗin shi ne a jira fim ya ƙare, me ake jira duk shekarun nan? Wane kamfanin ɗab'i ne zai zauna a kan littafin da miliyoyin mutane ke jira, ya bari kasuwar ta watse sannan ya baza haja? Lokacin da littafin zai fi yin kuɗi shi ne lokacin da fim ke tashe. Shi ya sa a ƙarshen 2015 masu buga masa littafi suka shirya gaggauta aikin don ya riga zango na shida fitowa. Suka ba shi wa'adi zuwa ƙarshen Oktoba, ya wuce. Suka ƙara masa zuwa ƙarshen shekara, ya sake wucewa. A farkon Janairun 2016 ya rubuta wa masu karatunsa da kansa cewa ya gaza, fim zai sha gabansa. Mutumin da ke da littafi a aljihu ba ya tsayawa gaban duniya ya kunyata kansa haka. A 2022 ma cewa ya yi ya rubuta shafi 1,100 zuwa 1,200, saura kamar 400 zuwa 500.

Batun sata kuwa har dariya yake ba ni. Bawan Allah nan da wata tsohuwar manhaja mai suna WordStar yake rubutu, a kan kwamfutar da ba ta haɗe da intanet. Kuma a ce an sace, kana ganin labarin zai tsallake duk jaridun Amurka da Ingila, ya sauka a zaurenku na WhatsApp, a hannun wani mai karɓar kuɗi ta asusun da ba sunansa ba?

Abin da ake turowa ɗin, na buɗe irinsa ba sau ɗaya ba. Wani ɗalibi ya taɓa kawo min wayarsa yana murna, muka zauna muka duba tare. Babi na farko na gaske ne, don Martin ya saki wasu babobi kyauta a tsawon shekaru, irin na Theon da Arianne da wanda ake kira Mercy. Su ake jerawa a gaba don ka saki jiki. Da muka wuce su sai hausar ta canza, mutane suna magana kamar a fim, har wanda ya mutu a littafi na uku ya dawo yana cin abinci ba tare da bayani ba. Rubutun masoya ne aka kwaso daga intanet aka liƙa. Yanzu abin ya ƙara muni da zuwan ƙirƙirarriyar basira. A 2023 wani masoyin labarin ya sa ChatGPT ya rubuta masa littattafan biyu da suka rage ya ɗora a intanet, bai ɓoye cewa na'ura ce ta rubuta ba, daga baya ya sauke su bayan an ambaci aikin a ƙarar da Martin da wasu marubuta suka shigar da kamfanin OpenAI, mai ChatGPT. Shi ya faɗi gaskiya, amma masu kwashe irin wannan su sa masa bango su sayar ba sa faɗa. Wannan ma idan ka yi sa'a ke nan. Idan ba ka yi ba, abin da za ka sauke ba littafi ba ne, manhaja ce da za ta nemi izinin karanta saƙonninka, kuma ka san ta saƙo banki ke turo lambar sirri. Kai da ka je neman ƙarshen labarin wasu, sai ka dawo kana ba da naka labarin a ofishin banki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu yaɗawa ba duka ne 'yan damfara ba. Akasarinsu mutanen kirki ne da ba sa iya riƙe yatsa. An turo, sun tura. Da ka tambaye su inda suka samu sai su ce "a wani guruf na gani". Ga kuma masu tashoshin YouTube da duk wata uku sai sun sanar da ranar fitowar littafin da manyan haruffa. Ranar ta zo ta wuce, ba wanda ya dawo ya ba da haƙuri.

Mu dawo kan mutuminka na farko, wanda ya ce ƙarshen ɗaya ne. Shi yana da rabin gaskiya. Tabbas a 2013 David Benioff da D. B. Weiss, waɗanda suka shirya fim ɗin, sun je garin Santa Fe a Amurka inda Martin yake zaune, ya zayyana musu inda ya nufa. Shi da kansa ya tabbatar da cewa ya gaya musu abubuwa kamar ƙona yarinyar nan Shireen, da asalin sunan Hodor, da wanda zai hau mulki a ƙarshe. Amma sanin garin da mota za ta sauka daban, sanin hanyar da za ta bi daban. Kuma ai ba saukar ce ta fi ƙona ran 'yan kallo ba, gudun da aka yi ne. Zango na bakwai fitowa bakwai ne, na takwas shida, alhali an saba da goma-goma. Daenerys ta shekara bakwai ana nuna mana ita tana 'yanta bayi, sai ga ta cikin fitowa biyu ta juya ta ƙone birni da mata da yara. Ba wai babu alamun hakan tun baya ba, akwai, amma tuwon da aka sauke bai nuna ba ko da garin mai kyau ne ba ya ciwuwa. Shi ya sa mutum sama da miliyan ɗaya da rabi suka sa hannu a takardar neman a sake zango na takwas, abin da kowa ya san ba za a yi ba. Martin ya taɓa cewa akwai labarin da zai kai zango goma sha wani abu. Da aka tambaye shi ko ƙarshensa zai zama irin na fim, amsar da ya rubuta ita ce eh, kuma a'a. Ya ƙara da cewa littattafan biyun da suka rage za su ci shafi kamar 3,000.

Tun kafin ma a kai ƙarshe hanyoyin sun rabu, kuma a nan zan ɗan ɓallo maka kaɗan, ka yi haƙuri. A littafi, Catelyn Stark ta dawo bayan an yanka ta, tana bin maƙiyanta tana ratayewa. Akwai wani saurayi da ake cewa Aegon ne, ɗan Rhaegar, wanda ya riga Daenerys sauka a Westeros da mayaƙa, fim bai san da shi ba. Ba Sansa aka aura wa Ramsay ba, ƙawarta ce Jeyne aka yi basaja da ita. Barristan ɗin da aka kashe a zango na biyar yana nan da ransa yana shirin yaƙi a Meereen. Shireen tana can Ganuwa, babanta yana can cikin dusar ƙanƙara kusa da Winterfell, tafiyar kwanaki a tsakaninsu, saboda haka ƙonawar da ka gani ba za ta faru yadda ka gan ta ba. Sarkin dare da Arya ta soke, a matsayin jagoran rundunar matattu, babu shi a littattafai biyar ɗin. Tyrion bai ma yi ido biyu da Daenerys a fada ba tukuna. Mai kallo da mai karatu da ke ta cacar baki a intanet, sau da yawa kowa labarinsa daban yake karewa bai sani ba.

Sai dai ba zan yi maka romon baka ba, kuma a nan na saɓa da abokinka. Masu karatu suna da nasu girman kan, suna magana kamar littafin ya warware abin da fim ya kasa. Bai warware ba, bai iso wurin ba ne. Martin yana kiran kansa mai lambu, wato ba ya zana taswira, shuka yake yi ya ga abin da zai tsiro, kuma na huɗu da na biyar sun nuna illar hakan: rassa sun yi yawa, tafiya ta yi nauyi. An haife shi a 1948, ka yi lissafin da kanka. Duk wanda ya taɓa bin littafin Hausa har kashi na biyu, aka ce mu haɗu a na uku, ya yi ta sintiri wurin mai littattafai har ya gaji, ya san ciwon. Yana yiwuwa ka karanta biyar ɗin nan a bar ka da Jon Snow kwance cikin jini, shi ke nan.

Shawarata, kada ka sayi biyar ɗin a tashi ɗaya. Sayi na farko kaɗai, ko ka ara wurin abokin naka tunda shi ya jawo maganar. Idan ya riƙe ka, ci gaba har na uku, A Storm of Swords, wanda a ganina shi ne ƙololuwar aikin, kuma ƙarshensa yana da wurin hutawa. Daga nan ka yanke wa kanka hukunci. Shi kuma mai adireshin, ka ɗauki hoton saƙonsa ka tura wa shugaban zauren a goge shi tun wani bai biya ba.