Likitan kamfani ya ce ya warke, namu ya ce da saura

Tambaya: Maigidana yana aiki a ɗakin injin wani jirgin ruwan dakon kaya na ƙasar waje. Ya zame daga tsani ya bugu a ƙashin baya, aka dawo da shi gida. Bayan wata uku likitan kamfani ya rubuta cewa ya warke, alhali har yau a zaune yake sallah. Likitan ƙashi da muka gani a nan Jos ya ce bai isa ya koma jirgi ba. Yanzu sun aiko da takarda da ɗan kuɗi wai ya sa hannu. Mene ne abin yi?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Kada ya sa hannu tukuna, domin irin wannan takarda takan ƙunshi sharaɗin cewa ya yafe duk wani haƙƙi da zai nema nan gaba.

Yarjejeniyar ƙwadagon ma'aikatan jiragen ruwa ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013, ta ɗora wa mai jirgi kuɗin magani da albashin jinya har ma'aikaci ya warke ko a tabbatar da nakasarsa, kuma ko dokar ƙasa za ta taƙaita wa'adin, ba zai gaza mako 16 ba. Takardar warkewar da likitan kamfani ya rubuta ita ke yanke wannan, tana kuma iya toshe hanyar diyya, shi ya sa ban ɗauke ta ƙaramin abu ba. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar, wanda ya fara aiki a 2017, ya hana matsa wa ma'aikaci ya karɓi abin da bai kai na kwangilarsa ba.

Maganar likitan kamfani ba ita ce ta ƙarshe ba. Ki duba kwangilarsa: idan tana ƙarƙashin yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, ITF, galibi za ki tarar cewa in likitoci biyu suka saɓa, ɓangarorin biyu za su haɗu su zaɓi likita na uku, kuma hukuncinsa ya hau kan kowa. A irin waɗannan yarjejeniyoyi, wanda nakasarsa ta kai kashi 50 cikin 100 ana ɗaukarsa ya gama aikin teku, a biya shi cikakkiyar diyya. Sai dai dole ku nemi likita na ukun a rubuce, kuma da wuri; wanda ya tsallake wannan mataki ya ruga kotu yakan raunana ƙararsa da hannunsa.

A nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Likita ya faɗa da baki cewa "da saura" ba hujja ba ce. Ku roƙe shi rahoto mai sa hannu da hatimi, haɗe da hoton MRI, wanda ya bayyana kason nakasar, ya kuma faɗa ƙarara ko maigidanki zai iya hawa tsani, ya sunkuya, ya ɗaga kaya mai nauyi a jirgin da ke tangaɗi. Ku nemi kwafin rahoton haɗarin da aka rubuta a jirgi ranar da abin ya faru, ku adana kowane rasit.

Da waɗannan takardu sai ku tuntuɓi ƙungiyar ƙwadagonsa da hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, NIMASA, da lauyan da ya san dokar teku, domin kwangilar da tutar ƙasar da jirgin ke ɗauke da ita su ne za su nuna inda za a kai ƙara da wa'adin shigar da ita.