Zage-zagen da Na Yi Lokacin Zaɓe Sun Biyo Ni Wurin Neman Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanci aikin akanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, na kuma kammala hidimar ƙasa. Kwanakin baya na je ganawar ɗaukar aiki a wani kamfani, amma ba a ɗauke ni ba. Daga baya wani ma'aikacin wurin ya tsegunta mini cewa an duba shafina na Facebook, aka ci karo da zage-zagen da na yi lokacin zaɓen 2023. Shin in rufe shafin baki ɗaya, ko kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe?
Daga wani matashi, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Alƙalami bai bushe ba, amma ina so ka fara fahimtar abin da ya tsorata masu ɗaukar aikin. Ba jam'iyyar da ka mara wa baya ce ta dame su ba. A Kaduna muke, inda ofishi guda kan haɗa Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bagwari da ɗan Bajju, kuma duk shugaban da ya san tarihin rikice-rikicen garin nan zai yi dogon tunani kafin ya zaunar da wanda ya taɓa zagin wata ƙabila ko addini a teburi ɗaya da mutanen da ya zaga. Balle aikin akanta, wanda jarinsa amana ce da kame baki.

Ban ba ka shawarar rufe shafin ba. Magana zarar bunu ce, kuma wanda ya riga ya ɗauki hoton rubutunka ya adana a wayarsa, rufe shafi ba zai ƙwace shi daga hannunsa ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba ka damar neman kamfani ko hukuma su goge bayananka da suke riƙe da su, amma da wuya ta kai ga hoton da ke yawo a zaurukan WhatsApp.

Abin yi shi ne ka ware yini guda, ka ari wayar wani wanda ba abokinka ba ne a Facebook, ka rubuta cikakken sunanka a Google, domin ka ga kanka kamar yadda baƙo yake ganinka. Daga nan ka shiga kundin ayyukan shafinka, ka bi watannin Fabrairu da Maris na 2023 rana bayan rana, ka goge abin da ba za ka iya karantawa a gaban mahaifinka ba. Kada ka tsaya a kan abin da ka wallafa kaɗai, domin sau da yawa ɓarnar tana cikin martanin da mutum ya bari a ƙarƙashin rubutun wasu da tsakar dare, ransa a ɓace, ya kuma manta da shi tuni. Facebook yana da saitin da ke mayar da tsofaffin rubuce-rubuce ga abokai kawai, ka yi amfani da shi. Haka za ka yi a X da TikTok.

Sai dai shara kaɗai ba ta ƙawata ɗaki. Ka buɗe shafi a LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, da sunan da ke kan takardunka, da hoto na kamala, ka bayyana karatunka da ayyukan da ka yi a wurin hidimar ƙasa. Ka riƙa rubutu a kan abin da ka iya, ko da bayani ne ga ɗan kasuwar Kasuwar Barci kan yadda zai raba kuɗin shago da na cefane.

Idan kuma aka sake tayar da maganar a wata ganawa, ina roƙonka kada ka ce an yi maka kutse ne, domin uzuri ne da kunnuwa suka gaji da ji. Ka amsa cewa kai ka rubuta, ka yi kuskure, ka goge, sannan ka nuna musu abin da kake rubutawa tun daga lokacin.