Jami'an NAFDAC sun bar mini takardar kurakurai, in cike bayanan baya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ƙaramin wurin ƙira a Ƙofar Ƙaura, Katsina, muna haɗa fitilar da ake haska wa jarirai masu shawara. Na nemi rajista, jami'an NAFDAC suka zo duba wurin, suka bar mini takarda mai kurakurai huɗu: na'urar auna haskenmu ba ta da shaidar saiti, babu takardar tarihin kowace fitila, ba a san daga wane kaso ƙwayayen LED suka fito ba, kuma babu littafin ƙorafi. Wani mai shirya wa kamfanoni takardu ya ce in biya shi mu zauna kwana biyu mu cike na watannin baya. Barci ya ƙaurace mini, don akwai fitilu 14 da na riga na kai asibitocin kuɗi a Katsina da Daura.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, babu ko ɗaya cikin huɗun nan da ya fi ƙarfin gyara. Abin da zai iya rufe maka wurin aiki shi ne shawarar mutumin nan.

Kullum sai mun ji wannan magana, wai duba masana'anta wasan takarda ne, a cika fayil kawai a wuce wurin. Masu sayar da fayil ɗin da aka kwafo daga wani kamfani su suka baza ta, don da ita suke cin abinci. Rashin takarda sakaci ne, ana ba ka lokaci ka gyara. Takardar da aka sa wa kwanan watan ƙarya kuwa jabu ce, kuma da zarar jami'i ya kama guda ɗaya, ko takardunka na gaskiya sun zama abin zargi. Kamawar ma ba wuya. Aikin wata shida da biro ɗaya da hannu ɗaya, takarda fes babu ko tabon yatsa a wurin da ake walda. Awon da aka ce an yi ranar Sallah. Lambobin da ba sa motsi, kowace fitila ta ba da sakamako iri ɗaya. Mafi ban haushi, shaidar saitin na'urar awo ta fito a wannan watan, amma an rubuta cewa da ita aka yi awon bara. Jami'in zai kuma ja yaron shagonka gefe ya ce ya nuna masa yadda yake cike fom ɗin, yaron ya tsaya yana zare ido.

A bar zancen kamu ma. Fitilar nan haske mai launin shuɗi take bayarwa, mai tsawon zango tsakanin nanomita 460 zuwa 490 (ma'aunin da ke nuna launin haske), kuma don magani mai ƙarfi ana son ƙarfin hasken da ke sauka a jikin jariri ya kai aƙalla maikirowat 30 a kan murabba'in santimita a kowace nanomita. Ido ba ya auna wannan. Fitila tana iya yin shuɗi shar, ƙarfinta kuwa ya yi ƙasa sosai, ko don ƙwayayen sun tsufa, ko don ɗan kasuwa ya sauya maka kaso bai faɗa ba. Nas za ta kwantar da jariri tana ganin ana magani, sinadarin bilirubin, wanda ke jawo shawara, yana ta hawa har ya taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Lambar da ka ƙirƙira a kan tebur ita ce za ta hana kowa gano wannan fitilar.

Saboda haka fara da guda 14 ɗin, kafin ka rubuta wa kowa amsa. Dakatar da fitar da sabo, doka ma ba ta yarda a sayar da kayan asibiti marasa rajista ba. Kai na'urar awonka a saita ta a wurin da aka tantance, ka karɓi shaida mai kwanan wata. Sannan ka bi fitilun ɗaya bayan ɗaya, ka auna a daidai tazarar da takardar amfani ta faɗa, a tsakiyar shimfiɗar jariri da gefunanta huɗu. Wadda ta gaza, ɗauko ta. Ƙa'idar ISO 13485 ta 2016, wato ƙa'idar duniya ta tsarin inganci ga masu ƙera kayan asibiti, sashe na 7.6, ita ma ta ce in aka samu na'urar awo da matsala dole a sake duba sahihancin awon da aka yi da ita a baya. Ka rubuta sakamakon da kwanan watan ranar da ka yi aikin, ka kuma bayyana cewa ba a ajiye bayanin farko ba.

Amsar kanta ka bi kurakuran da lambobinsu. Kowanne ka faɗi abin da ka gyara nan take, musabbabin da ya haifar da shi, matakin da zai hana ya dawo, wanda zai yi, da ranar gamawa, ka liƙa shaida. Kada ka rubuta "za mu ja kunnen ma'aikata", wannan ba musabbabi ba ne. In babu takardar tarihi don ba ka taɓa tsara fom ɗin ba, faɗi haka. Kada ka yi alkawarin ranar da ba za ka iya cikawa ba, kuma ka miƙa amsar cikin wa'adin da aka rubuta maka, ko da wasu gyare-gyaren ba su ƙare ba.

Daga yau kowace fitila ta samu lambarta da takardarta: kason ƙwayaye, wanda ya haɗa, sakamakon gwajin lantarki da na haske, da asibitin da ta je. Da biro, ba fensir ba. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, a sa hannu da kwanan wata, ban da farin ruwan gogewa. Littafin ƙorafi kuma ka buɗe shi da kiran asibitocin nan, ka tambaye su abin da ya taɓa lalacewa.