Sabis cike, intanet na jan ƙafa: in sauya waya?

Tambaya: Sandunan sabis a wayata cike suke, amma da dare ya yi sai bidiyo ya riƙa tsayawa. In sayi sabuwar waya?

Amsa: Dakata tukuna, Malam. Sandunan nan ƙarfin siginar da ke iso maka suke nunawa, ba yawan mutanen da kuke rabon ta da su ba. Kowane kamfanin sadarwa yana da yankinsa na zangon rediyo, wato hanyar da sigina ke bi a iska, da hukuma ta ba shi lasisi a kai, kuma duk wanda ke kan ƙarfen sabis ɗaya da kai, daga wannan yankin ake gutsura masa. A zamanin 2G, tasha, wato ɓangare guda na zangon, mai faɗin kilohaz 200 ake kasawa gida 8, kowa da lokacinsa. A 4G faɗin tashar kan kai megahaz 20, kuma ƙarfen yana sake rabon sau 1,000 a daƙiƙa guda: wa za a ba, nawa za a ba shi. Da dare masu kallo sun yi yawa, kason kowa ya ragu. Komai tsadar waya, ba za ta ƙara wa ƙarfen nan zango ba.

Amma akwai inda sabuwar waya za ta cece ka. Wasu wayoyin suna iya haɗa zango biyu ko uku su ja data a lokaci guda, su ne kan nuna 4G+ a saman allo. In taka ba ta iyawa alhali kamfanin yana da wannan tsari, sauyi zai yi amfani. Amma kafin ka taɓa aljihu, ari sim na wani kamfanin ka gwada a daidai lokacin da abin ke damun ka. Sau da yawa maganin ke nan.

Tambaya: Zan sayi waya mai 5G. Me zan duba?

Amsa: Hajiya, ba kowace 5G ce 5G ba. Akwai kamfanonin da ke ɗora ta a kan zangon da 4G ke amfani da shi, su biyun su riƙa karɓa-karɓa gwargwadon buƙata. Dabara ce mai kyau ga kamfani, amma ke gudun da za ki gani ba zai yi wa 4G nisa ba, alama ce dai ta sauya. Mai gudun gaske ita ce wadda ke kan gigahaz 3.5, inda tasha guda kan kai megahaz 100; a takardar bayanin waya n78 ake rubuta ta. Laifinta, bango na rage mata ƙarfi.

Don haka ki duba har da ƙananan zanguna, B20 da B28, wato megahaz 800 da 700, masu nisan tafiya da ratsa gini. Tambayi kamfaninki waɗanda yake aiki da su, musamman in wayar don kasuwar wata ƙasa aka ƙera ta.