Rigar Mama Mai Tsini da Shigar Mutanen Da

Kishiyata, saƙonki ya iso. Kin ce ku ƙawayen amarya za ku yi shigar mutanen da ranar kamu, kin kuma ga hotunan matan shekarun 1960 ƙirji a miƙe da tsini, shi ne kike tambaya ko irin wannan rigar maman al'adarmu ce, ko ki nemo ta. Gara da kika kawo mini maganar. Da uwarki kika tunkara, sai dai ta ce ki tashi ki duba tukunya.

Ba tamu ba ce. Iyayenmu ɗaurin ƙirji suka sani: fatari a ciki, zanen saƙi a ɗaure sama da mama a soke shi a gefe, a yafa wani, a ɗaura kallabi. Ni ban taɓa ganin mahaifiyata da rigar mama ba har Allah ya karɓi abarsa, kuma ba wanda ya ce shigarta ba ta cika ba.

Mai tsinin nan daga Amurka ta fito. Rigar maman da wata Ba'amurkiya, Mary Phelps Jacob, ta yi wa rajista a 1914, da hankici biyu ta haɗa ta, ba tsini ba tudu. Sai a shekarun 1940 aka koma ɗaga ƙirji, 'yan fim ɗin Hollywood suna saka ta ƙarƙashin matsattsiyar suwaita. A 1947 Christian Dior ya fito da ɗinkinsa a Faris, ƙugu a tsuke, siket a baje, irin rigar da ba ta zama sai ƙirji ya tsaya. A 1949 kamfanin Maidenform ya fitar da tasa mai suna Chansonette, ta yi kasuwa ba kaɗan ba. Mu sai a makare ta iso mana, ta kantunan Turawa irin su Kingsway a Kano da Kaduna. Malaman makaranta da nas-nas da matan ma'aikata su suka fara sakawa, galibi su kike gani a hotunan. Sauranmu kasuwar Sabon Gari muke zuwa, ko mu ba tela farin yadi ya kwaikwaya.

Tunda na koyar da ɗinki, bari in gaya miki yadda take. Ba soso a cikinta. Yadi ne zalla, an bi shi da ɗinki zagaye-zagaye daga gindi har baki kamar saƙar faifai, ɗinkin shi ke riƙe tsinin. Zaren nan mai miƙewa da ya cika kayan ciki yanzu, sai a 1958 kamfanin DuPont ya samar da shi, kuma ya daɗe bai wadata ba. Don haka ba ta bin jiki, jiki ne zai bi ta. Bakin kan zauna fayau ba komai, sai a cusa auduga ko ƙyalle. In an wanke a sa sitaci a goge. Wadda ta yi sakacin cikon kuwa, da an matse ta a cunkoson biki sai gefe ɗaya ya loɓa, tana ta rangwaɗa ba ta sani ba, mu muna ƙunshe dariya a gyale.

To sai ki zaɓi wane da ɗin kike nufi, don ku yaran yanzu kukan cakuɗa su. In shigar kakannina ce, saƙi da ɗaurin ƙirji da murjani, mai tsini ba ta da gurbi. Ki sa marar hannu a ciki, ki ɗaure zanenki tamau. In kuwa shigar 'yan boko ce bayan samun 'yanci, rigar atamfa mai tsukakken ƙugu da ɗaurin ɗankwali mai tashi, nan ne wurinta. Amma ki sayo ta tukun, ki saka ta, sannan tela mace ta gwada ki. Dat ɗin irin wannan riga, wato ɗinkin da ke tsuke yadi ya fitar da ƙirji, a sama yake ƙarewa, daidai bakin tsinin; in kin sa mai soso ta zamani, yadin zai tattare a wurin. Kada kuma ki haɗa ta da yadin roba mai kama jiki, sai ki fito kamar mawaƙiya Madonna a 1990 da ƙirar mai ɗinki Jean Paul Gaultier, wannan kuwa kayan dandali ne. Ƙarƙashin buba mai faɗi ma asarar kuɗi ce, ba mai ganin bambanci.

Abin da yake namu a cikin sha'anin shi ne kunyar da muka lulluɓe ta da ita. Ba a shanya ta a igiyar tsakar gida inda surukai ke wucewa, a ɗaki take bushewa. A lefe ma can ƙasan akwati ake sa ta, masu ɗaga kaya su tsallake. Kamu a zamaninmu na mata ne zalla, shi ya sa aka saki jiki. Naku da mai hoto da makaɗa da waya a kowane hannu, don haka mayafinki ya zama mai kauri, ya sauko ya rufe.

In kin ci karo da tsohuwa ta asali a gwanjo, bar ta, robar bayanta ta mutu tuni. Ana ɗinka sababbi a kan tsohon yanka, irinsu za ki nema. Ki zo da atamfar in gani kafin a sa mata almakashi. Ki gaida mutanen gidan.