Tambayoyin Masu Karatu: In Faɗa wa Kamfanin Halinsa, ko In Rufa Masa Asiri?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin rubuta shige da ficen kaya a wani kamfanin sayar da takin zamani da irin shuka a nan Zariya. Kusan shekara huɗu da suka wuce, aka ƙirga kayan sito bayan damina aka tarar da giɓin buhuna masu yawa, kuma makullin yana hannun wani abokin aikinmu. Ni da idona na ga takardun fitar da kaya da ya sa wa hannu alhali babu wanda ya saya, ya kuma amsa laifinsa a gaban manaja ina wurin. Dattawan unguwarsu suka shiga tsakani, ya biya wani ɓangare, aka sallame shi ba tare da an kai magana ga 'yan sanda ba. Daga baya na ji ana cewa ya sake yin haka a wani shago a Kano, wasu kuma suna cewa yana shaye-shaye, amma waɗannan ji kawai na yi. Yanzu wani kamfani a Sabon Gari yana shirin ɗaukarsa ya riƙe musu sito. Ba su tambaye ni ba, sai dai na san mataimakin manajansu, masallacinmu ɗaya. Mutumin yana da iyali, ya kuma daɗe ba aiki. Ina tsoron in yi magana ta zama giba da toshe wa mutum hanyar abinci, ina kuma tsoron in yi shiru a cuci mutane ina kallo. Me ya kamata in yi?

Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina ya kamata ka yi magana, amma maganar da za ka yi ba ta kai rabin abin da ka rubuto mini ba. Abin da ya sa na karkata ga magana shi ne, aikin da za a ba shi shi ne ainihin wanda ya ci amana a cikinsa, wato makullin sito da dukiyar mutane. Da a ce ka ji ya buɗe shagonsa, ko an ɗauke shi aikin da kuɗi da kaya ba sa bi ta hannunsa, da na ce ka kama bakinka, domin tona abin da ya wuce a nan ba zai kare kowa daga komai ba.

Tsoron da kake ji na giba yana kan hanya, tun da Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana ta da kakkausar murya. Amma malamai ba su bar maganar a dunƙule ba. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ya halatta a ambaci aibin mutum a bayan idonsa, kuma daga cikinsu akwai gargaɗin jama'a daga cutarwa. Hujjar da aka fi kafawa ita ce hadisin Faɗimatu bintu Ƙais da Imam Muslim ya ruwaito, lokacin da ta gaya wa Annabi (SAW) cewa Mu'awiya da Abu Jahm suna neman aurenta, sai ya sanar da ita cewa na farko ba shi da dukiya, na biyu kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, wato mai yawan dukan mata ne. Ka lura cewa abu ɗaya tak ya faɗa game da kowannensu, kuma abin da ya shafi zaman auren da ta zo neman shawara a kansa ne. Gaskiya ne ita tambaya ta yi, kai kuwa ba a tambaye ka ba, sai dai malamai sun kwatanta halinka da na wanda ya ga ana shirin sayen kaya mai aibi kuma mai sayen bai sani ba, suka ce ya bayyana masa. Shi Nawawin kuma ya ja kunne cewa hassada takan shigo da rigar nasiha, saboda haka idan akwai wata tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninku, ka fara bincikar zuciyarka.

Maganar shagon Kano da ta shaye-shaye kuwa, ka ajiye su gaba ɗaya. Ba ka gani ba, ba ka san wanda ya gani ba, kuma aya ta 6 ta wannan sura ta umarci a tantance labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Mutumin da aka taɓa kamawa sau ɗaya, kowane labari aka rataya masa sai ya zauna, shi ya sa irin wannan jita-jita take saurin yaɗuwa.

Akwai wani abu a wasiƙarka da ya cancanci a tsaya a kansa, wato sulhun dattawa. Al'adarmu ce idan irin wannan ta faru, a je da liman ko mai unguwa a roƙi arziki, a biya abin da ya sawwaƙa, a rufa wa mutum asiri saboda iyayensa da 'ya'yansa. Ban raina wannan ba, domin ya ceci gidaje da yawa daga wulaƙancin kotu. Amma sau da yawa ana ƙarasa shi da takardar shaidar aiki mai cewa ma'aikaci ya ajiye aiki don kansa, sai kamfani na gaba ya ɗauke shi a makance, asarar da aka yafe a nan ta koma kan wanda bai ji ba bai gani ba. Yafiyar da kamfaninku ya yi haƙƙinsa ne ya bari. Ba ta ba kowa izinin barin wasu su faɗa rami ba. Duk da haka, adalci ya wajabta maka idan ka faɗi giɓin, ka faɗi cewa ya amsa laifinsa, ya biya wani ɓangare, kuma shekara huɗu sun wuce ba ka san wani abu a kansa da idonka ba. Mutane suna tuba, kuma wanda ya faɗi rabin da ke ɓata mutum ya ɓoye rabin da ke wanke shi, shi ma bai faɗi gaskiya ba.

Ta fuskar doka, ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da jihohin Arewa suke aiki da ita, ana kuma iya kai ƙarar neman diyya. Abin da ke kare mai magana shi ne ya kasance gaskiya ya faɗa, da kyakkyawar niyya, ga wanda abin ya shafa kai tsaye. Wannan kariya tana raunana da zarar ka fitar da maganar fili, kamar a zauren WhatsApp na 'yan unguwa ko a Facebook, inda dokar laifukan intanet ta 2015 ma za ta iya shigowa. Wasiƙar da ba suna kuma ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin wanda ake zargi ba ya samun damar kare kansa, mai karɓa kuma ba shi da wanda zai yi wa tambaya. Kada kuma ka kwashi takardun kamfaninku ko hotunansu ka kai wa wani, wannan sai ya jawo maka taka matsalar.

Idan akwai sauran gaisuwa tsakaninku, ka fara samun mutumin shi kaɗai, ka gaya masa ya fi masa mutunci ya bayyana musu da bakinsa kafin su ji a wani wuri. Idan ya ƙi, ka sanar da manajanka abin da kake niyya, tun da sirrin kamfaninsa ne, sannan ka nemi mataimakin manajan a keɓe, ba a ƙofar masallaci cikin jama'a ba. Ka ce masa kun yi aiki tare da wanda suke shirin ɗauka, an taɓa samun matsalar kaya a hannunsa wadda ka shaida, kuma kana ba su shawara su tuntuɓi manajanku kafin su yanke hukunci. Idan wannan ya wadatar, kada ka ƙara komai; idan ya nemi bayani, ka tsaya kan abin da ka gani.

Daga nan hukunci nasu ne, kada ka riƙa bibiyar ko sun ɗauke shi. Suna iya ɗaukarsa su nemi mai tsaya masa, su sa hannu biyu a kan kowace takardar fitar da kaya, su riƙa ƙirga sito duk wata, ko su ba shi wani aikin da ba na makulli ba. Idan mataimakin manajan ya nemi ra'ayinka, kana iya kawo masa waɗannan hanyoyi.