Fatawa: Kashe "alloli" a wasan kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi, ina karanta ilimin kwamfuta. Ni da abokaina biyu muna haɗa wani wasa na waya, irin wanda mutum zai ɗauki jarumi ya shiga da shi duniyar tatsuniya yana yaƙi. A irin waɗannan wasanni akan sa wasu halittu da ake kira alloli, na ruwa, na tsawa, na yaƙi. Sai musu ya sarƙe tsakaninmu. Ɗaya ya ce a bar mai wasa ya iya kashe su kamar yadda ake yi a wasan nan mai suna God of War, ai Annabi Ibrahim ma ya farfasa gumaka. Ɗayan ya ce wannan wasa ne da sunan Allah, a bar su ba sa mutuwa. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah Ya yi maka albarka da ka tambaya tun ba ku gama aikin ba.

Abokinka na biyu niyyarsa kyakkyawa ce, amma ya gudu daga ruwa ya faɗa rijiya. Rashin mutuwa siffar Allah ce Shi kaɗai. Ya ce a Suratul Furƙan, aya ta 58: "Ka dogara ga Rayayye wanda ba Ya mutuwa." A aya ta 3 ta wannan sura kuwa Ya siffanta abubuwan da ake bauta wa baicinSa da cewa ba su mallaki mutuwa ba, ba su mallaki rayuwa ba, balle tashin matattu. To idan kun ƙera wani abu, kuka kira shi allan tsawa, sannan kuka rubuta a dokar wasan cewa ba ya mutuwa har abada, kun ɗauki rigar da ba tasa ba kun sa masa. Zus na Girkawa da Odin na mutanen arewacin Turai ba su da wata alfarma a wurinmu da za a kare. Sunaye ne kawai da mutane da iyayensu suka raɗa, kamar yadda aka faɗa game da Lata da Uzza da Manata a Suratun Najmi, aya ta 23. Wanda ya danna maɓalli wani daga cikinsu ya faɗi bai zagi Allah ba, kuma bai fita daga Musulunci ba.

Na farkon ma hujjarsa ba ta zauna ba. Da Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya farfasa gumakan ya bar babbansu, cewa ya yi da mutanensa su tambaye su in suna magana. Duk hujjar a kan wannan take: ba sa ji, ba sa magana, ba sa amfanarwa, ba sa cutarwa. Haka Manzon Allah (SAW) ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, ya tarar da gumaka 360 kewaye da Ka'aba, yana zungurar su da sanda yana karanta "gaskiya ta zo, ƙarya ta gushe." A wasan da kuka ambata kuwa, wanda ya fara fitowa a 2005, labarin ya ginu a kan cewa allolin na gaske ne, suna jefa tsawa, suna ba da ƙarfi ga wanda ya roƙe su. Jarumin, Kratos, da ya kashe Ares, allan yaƙi na Girkawa, sai ya haye kujerarsa ya zama shi ne allan yaƙi. Wannan juyin mulki ne a cikin gidan shirka, ba rushe gidan ba ne. Kada wani ya zauna yana bugawa yana lissafin lada.

Abin da nake gani shi ne ku cire kalmar allah da ubangiji daga kan waɗannan halittu gaba ɗaya. Me kuka rasa? Tatsuniyarmu cike take da dodanni. Tarihinmu yana da Tsumburbura ta dutsen Dala da Barbushe mai yi mata hidima. Alƙur'ani ya ba mu labarin Fir'auna da ya ce "ni ne ubangijinku mafi ɗaukaka," ruwa ya ci shi. Ku sa azzalumi mai da'awar allantaka, mutanen gari suna tsoronsa, labarin ya tona cewa halitta ne kamar kowa, yana jin yunwa, yana mutuwa. A wannan siffa kashe shi halal ne, kuma ya fi barin sa dacewa.

Akwai iyakar da ba a ƙetarewa ko da wasa. Ba a zana Allah Maɗaukaki, ba a sa annabi ko mala'ika a cikin wasa, ko a matsayin abokin gaba ko mataimaki. Wanda ya mai da waɗannan abin wargi, ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba sun yi magana a kansa, kuma waɗanda aka saukar da su a kansu uzurin da suka kawo ke nan, cewa wasa suke yi. Kada kuma ku sa matakin da mai wasa ba zai wuce ba sai jaruminsa ya yi wa gunki sujada ko yanka ko ya roƙe shi nasara. Na san hoto ne ke yi, amma yaro ɗan shekara goma ne ke dannawa, sau ɗari a rana. Sannan ku nisanci abin da wasu mutane suke bauta wa a yau, kamar na Hindu, saboda aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin bautar wasu don kada su rama da zagin Allah.

Wasan da wasu suka riga suka yi, wanda kashe allolin ƙarya ne kawai a cikinsa, ban ce mai buga shi ya kafirta ba, amma ba na so wa Musulmi shi, musamman yara. In akwai tsiraici, ko ya kai ga a bar salla ta wuce, ya haramta ta wannan fuskar. Kuma tunda maganar ta zo, abin nan da ake yi a shagunan wasa na wanda aka ci shi ne zai biya kuɗin bugu, caca ce, ko da naira ɗari ce.

Wallahu a'alam.